Yadda kwamfuta ke gano inda keke zai karye tun kafin a ƙera shi

Ranar Lahadi 9 ga watan Afrilun 2006, ɗan tseren keke na Amurka George Hincapie yana cikin rukunin da ke kan gaba a gasar Paris-Roubaix da ake yi a arewacin Faransa. A shekarar da ta gabata shi ne ya zo na biyu, don haka mutane da yawa na ganin a wannan karon lokacinsa ya yi.

Saura kimanin kilomita 50 a kai ƙarshe, a yankin Mons-en-Pévèle inda hanyar duk daɓen duwatsu ce, sai aka ga kan kekensa ya rabu da sauran keken. Babu wanda ya buge shi, kuma ba rami ya faɗa ba. Bututun alminiyum da ke haɗa kan keken da ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ne ya ɓalle gida biyu. Hincapie ya kife a gefen hanya, ya ji rauni a kafaɗa, gasar ta ƙare masa a nan.

Tun da farko a wannan rana ya taɓa faɗuwa sau ɗaya, ya tashi ya ci gaba. Ana kyautata zaton a nan bututun ya samu rauni, sannan girgizar duwatsun ta ƙarasa shi.

Tambayar da irin wannan hatsari ke tayarwa ita ce tambayar da duk mai ƙera keke ke kwana da ita: a wane wuri ƙarfen nan zai gaza, kuma bayan wace irin wahala? A da ana samun amsar ne bayan keken ya karye. Yanzu manyan kamfanoni na neman ta a cikin kwamfuta, ta hanyar wani lissafi da injiniyoyi ke kira FEA a taƙaice. A Hausance ana iya kiransa lissafin gutsi-gutsi, domin abin da yake yi ke nan: ya daddatsa abu zuwa ƙananan gutsattsari, ya auna wahalar da kowane gutsure ke sha.

Alwatika biyu da suka shekara 140

Siffar keken da kowa ya sani ta samo asali ne daga keken Rover da John Kemp Starley ya fitar a birnin Coventry na Ingila a 1885: tayoyi biyu masu kusan girma ɗaya, da sarƙa mai juya tayar baya. Cikin 'yan shekaru firam ɗin ya zauna a siffar da ke nan har yau, wato alwatika biyu da ke jingine da juna.

Dalilin da ya sa siffar ta daɗe a fili yake. Idan aka haɗa sanduna huɗu aka danna, sai su karkace. Idan uku ne, ba su karkacewa sai dai ɗaya ta karye. Da wannan hikimar ake kafa rufin gida da turakun wutar lantarki.

Sai dai firam ɗin keke ba ya shan wahala ta fuska ɗaya. Nauyin mahayi na danna bututun sirdi. Idan aka taka birkin gaba, ko taya ta daki dutse, ana fizgar wuyan keken ta baya, bututun ƙasa ya ɗauki duka. Mafi muni shi ne taka feda: feda na gefe ne, ba a tsakiya ba, saboda haka duk takawa ɗaya tana murɗa gidan feda zuwa gefe, mahayi kuma na jan kan keken ta ɗaya ɓangaren don ya daidaita. Dama, hagu, dama, hagu, firam ɗin na murɗewa kamar tsumman da ake matsewa, sai dai ido ba ya gani.

Injiniya mai takarda da biro zai iya lissafa matsin da ke tsakiyar miƙaƙƙen bututu ba tare da wata wahala ba. To amma keke ba kasafai yake karyewa a tsakiyar bututu ba. A mahaɗa yake karyewa: bakin walda, ƙarƙashin wuya, gefen ramin da aka huda don wucewar waya ko ɗaura gorar ruwa. A nan ne lissafin hannu ke cijewa.

Tun 1898 wani injiniyan Jamus, Ernst Gustav Kirsch, ya nuna cewa idan aka huda ɗan ƙaramin rami zagayayye a faffaɗan farantin ƙarfe da ake ja, matsin da ke bakin ramin zai ninka na sauran farantin sau uku. Idan ramin na da kusurwa mai kaifi, abin ya fi haka. Matsi na taruwa ne a lungu, kamar yadda ruwan sama ke taruwa ya yi ƙarfi a inda kwata ta ƙuntata.

Daga fukafukin jirgi aka faro

Ba don keke aka ƙirƙiro lissafin ba. Masu jiragen sama ne suka fara matsuwa da shi, kuma sun ga abin da rashin sani ke jawowa.

A 1954 jiragen Comet biyu na Birtaniya, waɗanda su ne jiragen fasinja masu injin jet na farko a duniya, sun tarwatse a sararin sama. Na farko ya faɗi kusa da tsibirin Elba na Italiya a watan Janairu da mutum 35, na biyu kusa da Naples a watan Afrilu da mutum 21. Masu bincike a Farnborough sun nutsa gangar jikin wani Comet ɗin cikin katafaren tankin ruwa, suna ƙara matsi suna ragewa kamar jirgi na tashi yana sauka. Bayan zagaye kimanin 3,000, jikin ya tsage daga kusurwar wata kafa da aka yanka a cikinsa.

A daidai waɗannan shekaru, a kamfanin Boeing da ke Amurka, M. J. Turner da Ray Clough, malami a Jami'ar California da ke Berkeley, suna fama da lissafin wani sabon salon fukafuki da tsofaffin hanyoyi suka kasa. Mafitar da suka samu ita ce su raba fatar fukafukin zuwa ƙananan alwatika, su lissafa kowace ɗaya, sannan su haɗa. Sun wallafa aikin a 1956 tare da abokan aikinsu biyu, Martin da Topp. A 1960 Clough ya raɗa wa dabarar sunan da ake kiranta da shi har yau.

Masanin lissafi Richard Courant ya riga ya kawo irin wannan tunani a 1943, amma a lokacin babu na'urar da za ta ɗauki aikin. Da kwamfuta ta samu, abin ya bazu. Hukumar NASA ta ɗauki nauyin manhajar NASTRAN a ƙarshen shekarun 1960, John Swanson kuma ya kafa kamfanin da ya samar da ANSYS a 1970.

Keke ya jira kwamfuta ta yi araha. A 1986 Leisha Peterson da Kelly Londry suka wallafa wani nazari a mujallar Bike Tech ta Amurka, inda suka gwada firam-firam na ƙarfe da na alminiyum da wannan lissafi a yanayi daban-daban na tuƙi. Har yau masu bincike a fannin na komawa gare shi.

Yadda ake yin sa

Aikin na farawa ne da zanen firam ɗin a kwamfuta, da kaurin kowane bututu da siffar kowace mahaɗa. Daga nan manhaja ta lulluɓe zanen da raga, kamar an jefa wa keken komar kamun kifi mai ƙananan idanu. Kowane ido na ragar gutsure ɗaya ne, kuma gutsattsarin na haɗuwa da juna a kusurwoyinsu.

Sirrin shi ne, firam gaba ɗayansa na da wuyar lissafi, amma ɗan gutsure ɗaya mai sauƙi ne. Yana bin ƙa'idar da Robert Hooke ya bayyana tun ƙarni na 17, cewa abu na miƙewa gwargwadon ƙarfin da aka ja shi da shi, muddin ba a wuce iyakarsa ba. Wato kowane gutsure tamkar ɗan sifirin ne. Idan aka taɓa ɗaya, sai ya tura maƙwabcinsa, shi ma ya tura na gaba.

Sai injiniya ya faɗa wa manhajar abu uku. Da me aka yi firam ɗin, a ina aka riƙe shi, kuma a ina ake danna shi, da wane ƙarfi. Misali, ya ɗaure inda tayoyin gaba da baya ke shiga, ya ɗora ƙarfin da ya kai nauyin kilo 100 a kan fedar dama.

Kowace mahaɗa a ragar na iya motsawa ta fuska uku: gaba da baya, sama da ƙasa, dama da hagu. Idan ragar na da mahaɗa 100,000, ke nan akwai lambobi 300,000 da ba a sani ba, kuma duk sun dogara da juna, dole a warware su lokaci guda. Mutum zai ƙare rayuwarsa bai gama ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta yau na gamawa cikin mintuna.

Abin da ke fitowa hoton keken ne mai launuka. Shuɗi na nuna inda ƙarfe ke hutawa, kore da ruwan ɗorawa inda yake aiki, ja kuma inda yake shan wuya. Kusan ko da yaushe jan na bayyana a wuraren da tsofaffin masu gyaran keke suka riga suka sani: ƙarƙashin bututun ƙasa dab da wuya, kewayen gidan feda, da inda sandunan baya suka manne.

To mene ne amfanin, in dai masu gyara sun sani? Amfanin shi ne adadi. Mai gyara ya san wurin, amma bai san ko ƙara kaurin rabin milimita zai wadatar ba. Da kwamfuta, mai zane zai sauya kaurin, ya faɗaɗa bututun, ya lanƙwasa kusurwar, ya sake gwadawa sau hamsin a mako guda ba tare da an yanka ƙarfe ko ɗaya ba. Inda ya ga shuɗi ya yi yawa, sai ya rage ƙarfe, keken ya ƙara sauƙi.

Wannan tunani na rage ƙarfe inda ba a buƙatarsa ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1897 Alfred Reynolds na Birmingham ya yi rajistar bututu mai kauri a bakuna biyu, siriri a tsakiya. Bututun keken tsere na ƙarfe na iya zama milimita 0.9 a baki, 0.6 a tsakiya. Lissafin zamani ya zo ne ya tarar da hikimar, ya ƙara mata daidaito.

Ƙarfe ma na gajiya

Duk wanda ya taɓa karya waya da hannu ya san ba da ja ake karya ta ba. Lanƙwasa ta ake yi gaba da baya har ta yi zafi ta tsinke. Injiniyoyi na kiran wannan gajiyar ƙarfe, kuma August Wöhler na Jamus ne ya fara auna ta da kyau a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da sandunan ƙafafun jiragen ƙasa ke ta karyewa ba gaira ba dalili.

Ita ce babbar abokiyar gabar keke. Mutumin da ke juya feda sau 60 a minti, na tsawon sa'a ɗaya kullum, zai juya ta fiye da sau miliyan 1.3 a shekara. Babu takawa ɗaya da ta isa ta karya firam. Amma a wurin da hoton ya nuna ja, wata 'yar tsaga da ido ba ya gani na iya farawa, tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har ranar da sauran ƙarfen ya kasa riƙewa.

A nan ne kayan ƙira suka bambanta. Baƙin ƙarfe na da wata iyaka wadda idan matsi bai kai ta ba, zai iya jure juyi miliyoyi ba tare da ya tsage ba. Alminiyum ba shi da irin wannan tabbatacciyar iyaka. Komai ƙanƙantar matsin, yana ɗan cin ransa. Ga shi kuma taurinsa kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, ko da yake nauyinsa ma kusan kashi ɗaya cikin uku ne.

Wannan ne ya sa kekunan alminiyum ke da manyan bututai. Idan aka ninka faɗin siririn bututu sau biyu ba tare da an taɓa kaurin bangonsa ba, nauyinsa zai ninka sau biyu, amma juriyarsa ga murɗewa za ta ninka kusan sau takwas. Gary Klein ya fara gwada wannan tun yana ɗalibi a MIT a shekarun 1970, Cannondale kuma ya fitar da nasa a 1983. Ba ado ba ne, hanya ce ta hana ƙarfen motsi don kada ya gaji da wuri.

Zaren kabon, wanda da shi ake yin kusan duk kekunan manyan gasanni a yau, ya fi su rikici. Ƙarfinsa na bin tsawon zaren ne kawai, kamar kara da ke da wuyar tsinkewa ta tsaye amma yana tsagewa cikin sauƙi. Firam ɗaya na iya ƙunsar ɗaruruwan ƙyallaye da aka jera a kan juna, kowanne na fuskantar wani ɓangare. Zaɓen yadda za a jera su da ka kusan ba ya yiwuwa, shi ya sa lissafin ya zama dole. Da shi aka kai ga firam da bai kai kilo ɗaya ba. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, tun a 2000 ta hana shiga gasa da keken da nauyinsa bai kai kilo 6.8 ba, saboda fargabar kada neman sauƙi ya kai ga ƙera abin da zai karye da mutane.

Hoto mai kyau na iya yin ƙarya

Haɗarin wannan lissafi shi ne, ko daidai ne ko kuskure, hoton da zai fito mai kyau ne, launukansa a tsare. Kwamfuta ba ta san keke ba. Abin da aka faɗa mata kawai take sarrafawa.

Misalin da ake koya wa ɗaliban injiniya ba na keke ba ne. Ranar 23 ga watan Agustan 1991, gindin kankare na dandalin haƙar iskar gas na Sleipner A ya nutse a tekun da ke kusa da Stavanger a ƙasar Norway, yayin da ake gwada shi. Ba a rasa rai ba, amma an ƙiyasta asarar da kimanin dala miliyan 700. Bincike ya gano cewa ragar da aka yi amfani da ita a lissafin ba ta dace da wata mahaɗa ba, har aka raina matsin da ke wurin da kashi 47 cikin 100. Ƙwararru ne suka yi aikin, da manhaja mai suna.

A keke ma tarkunan na nan. Idan idanun ragar sun yi girma, jan wuri zai ɓuya a tsakaninsu. Idan kuma aka zana mahaɗa da kusurwa mai kaifi, duk lokacin da aka ƙara ƙanƙanta ragar sai lambar matsin ta ƙara hawa ba iyaka, abin da ba ya faruwa a zahiri. Injiniyan kirki na maimaita lissafin da raga daban-daban har sai amsar ta daina sauyawa kafin ya yarda da ita.

Sannan zanen kwamfuta na ɗauka cewa walda ta fita tsaf. A masana'anta ba haka abin yake ba. Zafin walda na iya zubar da kashi ɗaya cikin uku ko fiye na ƙarfin alminiyum samfurin 6061 a kewayen ɗinkin, sai an sake gasa firam ɗin a tanderu kafin ya dawo. Idan injiniya ya manta da wannan, lissafinsa na wani keke ne daban, ba wanda za a sayar ba. Haka kuma babu zanen da ya san cewa mahayi ya faɗi ya tashi ya ci gaba, kamar yadda ya faru da Hincapie.

Saboda haka har yanzu sai an karya keke na gaske. Ƙa'idar ISO 4210 ta duniya ta tanadi a sako ƙarfe mai nauyin kilo 22.5 a kan gaban firam a duba ko ya tsage. Ta kuma tanadi a ɗaure shi a na'ura mai taka feda sau 100,000, da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 100 zuwa 120 gwargwadon nau'in keken. Kamfanoni na manna wa firam ƙananan na'urorin auna miƙewar ƙarfe, su ba mahayi ya fita hanya, sannan su kwatanta abin da aka auna da abin da kwamfuta ta faɗa. In sun saɓa, kwamfutar ce ke da laifi.

Keken da ke ɗaukar buhu

Duk wannan lissafi na dogara ne da tambaya ɗaya: wane kaya aka ɗauka keken zai ɗauka? Ga mai karatu a Kano ko Maraɗi, tambayar ba ta wasa ba ce.

Tun bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, mutane da dama sun koma wa keke, kuma da yawan kekunan da ke kasuwa na gwanjo ne da aka shigo da su daga waje. An zana su ne don mutum ɗaya da 'yar jakarsa a kan kwalta mai santsi. Kariyar baya ta irin waɗannan kekuna yawanci kilo 25 aka rubuta mata, wato jarka ɗaya ta ruwa mai lita 25. Wanda ya ɗaura jarka huɗu ko buhun masara ya bi hanyar ƙauye ya fita daga duk lissafin da aka yi wa keken.

Akwai waɗanda suka fara zanensu daga wannan gaskiyar. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta ƙera keken Buffalo don karkarar Afirka. Na baƙin ƙarfe ne mai kauri, nauyinsa ya haura kilo 20, kariyarsa kuma an yi ta ne don kilo 100. Idan aka ajiye shi kusa da keken tsere mai kilo 6.8, za a ga ilimi ɗaya ne ya ba da amsa biyu, domin tambayoyin sun bambanta. Tsofaffin kekunan Raleigh da Phoenix da suka yi suna a ƙasar Hausa sun daɗe ne saboda ƙarfensu ya yi wa aikin yawa, ba don an yi musu wani lissafi mai zurfi ba.

Bambancin na fitowa ƙarara a wurin mai walda. Firam ɗin baƙin ƙarfe yakan lanƙwashe ko ya tsage a hankali, ya ba da alama, kuma ana iya ɗinke shi a bakin titi ya ƙara shekaru. Na alminiyum idan aka yi masa walda ba a sake gasa shi ba, galibi a gefen sabon ɗinkin zai sake tsagewa, kuma tsagarsa ba ta jira. Na kabon ba ya karɓar walda sam, kuma yana iya rugujewa daga ciki fentinsa na ƙyalli.

Manhajojin yin lissafin ba su da tsada kamar da. FreeCAD da CalculiX kyauta ne, kuma suna aiki a kwamfutar ɗalibi. Ɗalibin injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha zai iya auna keken maƙwabcinsa mai sayar da ruwa, ya zana shi, ya ɗora masa kilo 100 a baya, ya ga inda ja zai fito.

Wanda ba shi da kwamfuta kuma zai iya duba wuraren da hoton ke nunawa da idonsa. A wanke keken, a kifa shi, a haska tocila a ƙarƙashin wuya inda bututun ƙasa ya manne, da kewayen gidan feda, da bakin kowace walda, da inda kariya ta ɗaure. Siririn layi kamar gashi, ko fenti da ya kumbura ya yi tsatsa a layi ɗaya, ko ƙarar ƙas-ƙas da ke fitowa duk lokacin da aka taka feda, alamu ne na tsagar da ta riga ta fara tafiya.